A ba kek ɗin cakulan mai mayonis fili a shafin girki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da mai kula da shafin girke-girke, da kuma 'yan'uwana mata masu bibiyar shafin.

Kusan duk kek ɗin da ake koya mana a shafin nan da ƙwai shida ko takwas yake farawa, sai bota rabin kilo, sai injin bugawa, sai oben mai aiki da lantarki. Ban ce girkin ba shi da kyau ba. Amma Malam Edita, tambayi uwargidanka yadda kuɗin kiret ɗin ƙwai ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Maganar wutar lantarki kuwa ba sai na ɓata maka takarda ba. Shi ya sa nake so a buga wani tsohon kek na Amurkawa da ba a fasa masa ƙwai ko ɗaya, ba ya neman bota, ba ya neman inji. Fulawa ce da sukari da hodar koko ta cakulan da bekin soda da ruwa, sai kofi ɗaya na mayonis, wato Bama ɗin nan da muke zubawa a salak.

Na san fuskar da mai karatu ta yi yanzu, don ita ɗalibaina suke yi min duk shekara. Malamar koyar da girki da kula da gida ce ni a wata sakandaren 'yan mata, kuma da zarar na ɗora kwalbar a kan tebur sai aji ya kaure, wata ta ce “Malama, Bama a kek? Ai sai amai.” Ba na musu da su. Kwalbar nake miƙa wa wadda ta fi baki a cikinsu in ce ta karanta mana abin da aka rubuta a bayanta. Sai ta karanta: mai, ƙwai, ruwan khal, gishiri, ɗan sukari. To wanne ne baƙo a kek? A dokar abinci ta Amurka ma ba a yarda a kira abu mayonis ba sai mai ya kai kashi 65 cikin 100 na nauyinsa. Kenan wadda ta zuba kofi ɗaya a kwaɓinta, mai ta zuba da gwaiduwar ƙwai waɗanda an riga an buga mata su sun haɗe, aikin da da hannu sai kafaɗa ta yi tsami.

Ni daga wata tsohuwar malamata na same shi, Allah Ya jiƙanta. Ita kuma ta koya ne a wajen wata Ba'amurkiya cikin 'yan Peace Corps, masu aikin sa-kai na Amurka, da suka koyar a makarantun Arewa a shekarun 1960. Asalinsa kek ne na talauci. A watan Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta durƙushe, tattalin arzikin Amurka ya bi ta, har a 1933 kusan ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aikin yi. Ba su gama farfaɗowa ba Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta fara raba sukari da kati a 1942, bota ma ta shiga layi a 1943. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Matan can suka riƙa yin kek da abin da ke cikin kabad: akwai wanda ake yi da miyar tumatir ta gwangwani, akwai wanda ba ƙwai ba madara ba bota sai mai da khal, akwai kuma wannan na mayonis. Kamfanin Hellmann's, wanda wani Bajamushe mai suna Richard Hellmann ya faro daga shagon sayar da abinci da ya buɗe a New York a 1905, ya ga kasuwa a ciki, ya yi ta yaɗa girkin a tallace-tallacensa har ya shiga gidaje. Wanda kamfanin ke bugawa a yau an ƙara masa ƙwai uku. Wannan na masu hali ne, ni tsohon nake nufi.

Kada a ce na yi wa mata alkawarin arha, gara in faɗi gaskiya tun yanzu. A kasuwarmu, wadda za ta je takanas ta sayo kwalbar mayonis don ta yi kek ba lallai ta rage ko kwabo ba, wani lokacin ma ƙwai biyu da man gyaɗa sun fi mata sauƙi. Ribar tana wani wuri. Gida nawa ne ake sayen babbar kwalba don salak ɗin Sallah ko na suna, a ci rabi, sauran ya zauna a firjin da ba wuta har ya canza wari a zubar? Buɗaɗɗen mayonis ba ya jure zafinmu. Maimakon a yi asararsa, washegarin biki a juye shi a kwaɓi, yara su samu na shayi. Wadda kuma ba ta da kwalbar tana iya haɗa nata: gwaiduwa ɗaya, ƙaramin cokali biyu na ruwan lemon tsami ko khal, ɗan gishiri, sai ta riƙa ɗiga mai kaɗan-kaɗan tana bugawa da maburgi har ya yi kauri. Gwaiduwa ɗaya tak tana iya riƙe mai kusan kofi guda. Da ƙwai ɗaya kenan an fitar da kek ɗin da zai ishi gida.

Ga yadda nake yi, da ma'aunin da kowa ke da shi. Kofin da nake nufi shi ne mai cin mililita 240, kusan gwangwanin madarar ruwa ɗaya da rabi. Fulawa kofi 2, sukari kofi 1, hodar koko babban cokali 5, bekin soda ƙaramin cokali ɗaya da rabi. A haɗa su a tankaɗe da rariya, saboda koko yana dunƙulewa, soda kuma idan ta taru a wuri ɗaya duk wanda ya ci karo da ita sai ya tofar. A wata roba daban a dama mayonis kofi 1 da ruwa kofi 1 da ƙaramin cokali na filebo mai ƙamshin banila. Gishiri ba na ƙarawa, na cikin mayonis ya isa. Sai a juye mai ruwan a kan garin, a juya da muciya ko ludayi har garin ya ɓace, a tsaya nan. Masu son nuna ƙarfi su yi haƙuri, yawan bugu yana sa fulawa ta yi danƙo, kek ya fito da tauri. Kwaɓin zai yi ruwa-ruwa fiye da wanda aka saba, kada a tsorata a ƙara fulawa. Wadda ke so ta jiƙa ƙaramin cokali na Nescafé a cikin ruwan, yana fito da ɗanɗanon cakulan sosai kuma ba a jin shi bayan an gasa.

Inda ya kamata mai shafin ta ja kunnen masu karatu shi ne wajen soda. Bekin soda daban, bekin hoda daban, ko da yake a kanti sau da yawa wanda ke kusa da hannun yaron shago shi zai miƙo miki. Wannan kek soda yake so, domin tashinsa daga haɗuwar soda da tsami yake zuwa. Khal ɗin cikin mayonis da ɗan tsamin da ke cikin koko su ne ke taɓa sodar, ta saki iska, iskar ta kumbura kwaɓin. Duk macen da ta taɓa zuba ruwan kanwa a ƙullun waina mai tsami ta ga ya taso ya yi kumfa ta riga ta san wannan ilimin, ko ba ta shiga ajin kimiyya ba. Kuma saboda aikin yana farawa ne tun a cikin roba, ba a haɗa kwaɓin a ajiye a tafi hura wuta. Wuta ake fara shiryawa, a shafa wa gwangwani mai a barbaɗa gari, sannan a haɗa. A haɗuwarsa da soda ne khal ɗin yake ƙarewa, shi ya sa ba a jin tsaminsa, ƙarnin ƙwai kuma koko ya rufe shi.

Abu biyu kada a yi musanyarsu. Na farko, salad kirim ba mayonis ba ne: mansa kaɗan ne, tsaminsa da yawa, ga mustad a ciki, kek ɗin zai fito da wani ɗanɗano da ba za a so ba. Haka mayonis ɗin da aka rage wa mai don masu rage ƙiba, ruwa da sitaci ne suka cike gurbin man. Na biyu, Milo da Bournvita ba hodar koko ba ne. Abin sha ne da aka cika da sukari da malt, idan aka zuba su kek zai yi zaƙi ya yi fari-fari, ba cakulan a bakinsa. A nemi hodar koko zalla wurin masu sayar da kayan kek. Ta yi tsada, na sani, tun da farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kan kowane tan a 2024. Abin da ke ba ni haushi shi ne a Ondo da Osun da Kuros Riba ake noma shi, maƙwabtanmu Kwaddibuwa da Ghana su ne kan gaba a duniya, amma gwangwanin da nake saya sau da yawa daga ƙetare aka shigo da shi. Wannan maganar wata wasiƙar ce.

Gashi a oben digiri 180 ne, minti 30 zuwa 35. Amma yawancin ɗalibaina ba oben a gidajensu, kuma ban taɓa yarda wannan ya zama uzuri ba. A samu babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, a rufe a ɗora a wuta ya yi zafi na kamar minti 10. A sa murfin gwangwani ko ƙananan duwatsu uku a kan yashin, a ɗora gwangwanin kek a kai don kada gindinsa ya ƙone, a rufe. Wuta ta zama 'yar kaɗan. Mai amfani da gawayi ta rage na ƙasa, ta ɗebi garwashi ta zuba a kan murfin, don sama ma ta samu zafi. Kada a buɗe kafin minti 25, iska mai sanyi na shiga tsakiyar za ta faɗa. A tukunya yakan ɗan fi daɗewa, kuma da yake kek ɗin baƙi ne, ido ba ya gane ya ƙone sai hanci ya ji ƙauri, saboda haka kada a yi nisa. A soka tsinken sakace a tsakiya, idan ya fito ba ɗanyen kwaɓi a jikinsa a sauke. A bar shi ya huce a cikin gwangwanin kafin a juye, yana da laushi ƙwarai, da zafinsa ɓarkewa yake yi.

Laushin nan shi ne dalilin da ya sa na fi son shi a kan na bota, ko da ina da kuɗin botar. Bota tana daskarewa idan ta huce, mai kuwa yana nan a ruwansa. Da hunturu, lokacin da kek ɗin bota ke bushewa kafin kwana biyu, wannan yana nan da danshinsa, washegari ma ya fi daɗi a kan ranar da aka gasa shi. Amurkawa suna lulluɓe shi da ayisin na bota da koko. A zafin Maris da Afrilu wannan narkewa yake yi tun kafin baƙi su zauna, don haka ni garin sukari kawai nake barbaɗawa ta rariya, ko in bar shi haka. A rufe shi a mazubi mai murfi a wuri mai inuwa, zai yi kwana biyu zuwa uku. Tsoron da ake yi wa mayonis na lalacewa ba ya nan bayan an gasa, ya zama kek kamar kowane kek. Sharaɗin dai shi ne wanda aka zuba ya kasance lafiyayye tun farko. Idan ya fara tsinkewa, mai ya taso a sama, ko warinsa ya sauya, wuta ba za ta gyara shi ba, a zubar.

Masu kiyaye abin da suke ci su duba kwalbar banila, domin wadda ake shigowa da ita daga Amurka da sunan tsantsar banila da barasa ake jiƙa ta. Akwai ta gari da kuma filebo marar barasa a kasuwa, kuma ko babu ita kek ɗin ba ya rasa komai sosai.

Ga 'yan'uwana masu yin na sayarwa kuma, kada a tallata shi da sunan kek marar ƙwai don kawai ba a fasa ƙwai ba. Akwai yaran da ƙwai ke tayar wa ƙaiƙayi da kumburi, wasu har numfashi ya sarƙe, kuma ƙwan yana nan a cikin mayonis. Idan uwa ta tambaya, a gaya mata abin da ke ciki.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Taku mai karatu,
wata malamar makaranta daga Zariya