Amsa Ga Kwamared Da Ya Ce Me Mai Hawa Falwaya Ya Sani Game Da Nukiliya

Kwamared, salamu alaikum.

Yara sun nuna min abin da ka rubuta a Facebook bayan hirar da aka yi da ni a rediyo nan Gombe, inda na ce bai kamata mu yi gaggawar kafa babbar tashar nukiliya ba sai mun gyara layin wutarmu. Tambayarka ita ce, tashar da ita ke haifar da wuta me za ta yi da wutar waje har ɗaukewar wuta ta zama mata barazana, sannan ka ɗora da cewa wai me tsohon mai hawa falwaya da canza fiyus ya sani game da nukiliya, ko dai shagon sola na ɗana nake yi wa talla. Na gode da ka sa sunana ɓaro-ɓaro ba ka yi habaici ba, wannan kam tarbiyya ce, ragowar maganar ce dai ban san inda ka koyo ta ba.

Maganar shago ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Ɗana yana sayar da sola, halal ɗinsa yake nema, kuma ko gobe aka kafa tubalin tashar a Geregu ko Itu, wuraren da aka ware mata, sai ya aurar da 'ya'yansa kafin ta ba da wutar da za ta taɓa cinikinsa. Masar ta fara zuba kankaren tasharta ta nukiliya ta El Dabaa a 2022, je ka tambaya ko sun kunna ƙwai ɗaya da ita a shekarar.

Abin da ya yi min ciwo shi ne hawa falwayar nan da ka mayar abin gori, don kuwa amsar tambayarka a kan falwayar take.

Tukunyar nukiliya, wato inda makamashin ke haifar da zafin da ake mayarwa lantarki, ko an kashe ta ba ta hucewa nan take. A daƙiƙar da aka kashe ta tana ci gaba da fitar da zafi wajen kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ƙarfinta, bayan awa guda ya sauko wajen kashi 1 da rabi, daga nan ya riƙa ja a hankali kwana da kwanaki. Tukunya irin ta Rasha mai ba da megawat 1,200 zafin cikinta ya haura megawat 3,000, ka ga ke nan a kashe ma tana da zafin megawat 200 a farko, ninki 5 na lantarkin da madatsar ruwan Dadin Kowa ke iya bayarwa. Ruwa ne ke kwashe wannan zafin, famfo ke tura ruwan, famfon kuma da wuta yake aiki, ga shi ita tashar ta daina bayarwa tunda an kashe ta. To daga ina wutar za ta zo? Daga layin waje, in babu sai janaretan dizal da ake so ya tashi cikin kamar daƙiƙa 10, batura kuma su riƙe mitoci da na'urorin ɗakin kula na 'yan awoyi. A tashar Fukushima ta Japan ranar 11 ga Maris 2011 tukwanen sun kashe kansu lafiya lau da girgizar ƙasa ta zo, layin waje ya katse, janaretoci suka tashi, sai igiyar ruwa ta zo ta cika ɗakunan janaretan da na batura, tukwane 3 suka narke. Rashin wuta ne ya ci su Kwamared, a tashar da ke haifar da wuta.

Amma ni ba ɗaukewar wuta gaba ɗaya ce ta fi tayar min da hankali ba, ita kowa yana ganinta, rile, wato na'urar kariya da ke lura da layi, ya gani, janareta ya tashi. Wadda ta fi mugunta ita ce wadda kowane mai injin niƙa a Tudun Hatsi ya sani, wato fes ɗaya cikin wayoyi uku masu kawo wuta ya tafi biyu su rage. Ƙwan shago yana ci, rediyo yana magana, amma motar injin sai ta kama gurnani ta ƙi juyawa da kyau, ka sa hannu a jikinta ka ji ta ɗau zafi, kafin yaron shago ya ankara warin ƙonannen koyil ya cika wurin, gobe sai wajen mai naɗi. Na sha tsayawa a gindin taransifoma mutane na rantsuwa akwai wuta, ni kuma ina kallon fiyus ɗaya yana lilo.

To wannan ɗin dai shi ya faru a tashar Byron da ke jihar Ilinoi a Amurka ranar 30 ga Janairun 2012. Kofin tangaran guda ɗaya da ke riƙe waya ya karye a filin layukan kilobolt 345, fes ɗaya ya faɗi. Tukunya ta 2 ta kashe kanta, amma rilen da aka sa ya lura da ƙarancin wuta a layin famfunan tsaro an tsara shi ne sai ma'auni biyu sun yarda babu wuta kafin ya yanke, ɗaya ya ce babu, ɗaya ya ce akwai, sai ya yi zamansa. Janaretoci ba su tashi ba don ba wanda ya gaya musu, famfuna suka riƙa faɗuwa saboda lodi ya yi musu yawa. Sai da aka yi wajen minti 8 kafin ma'aikata su gane, suka buɗe bireka da hannunsu suka raba tashar da layin waje da gangan, sannan janaretoci suka kama. Kuma kada ka ce tsautsayi ne na rana ɗaya, a 2005 an yi irinsa a layin da ke ciyar da tashar FitzPatrick a jihar Niyok, wajen sati 3 fes ɗaya a yanke ba wanda ya sani. Dalili kuwa duk wanda ya taɓa buɗe cikin taransifoma ya san shi, in ba lodi a kanta fes biyun da suka rage suna iya haifar da wuta a na ukun ta cikin ƙarfenta, mita ta nuna maka komai daidai, sai ranar da ka ɗora mata kaya asiri ya tonu.

A tashar Forsmark ta Suwidin ma, 25 ga Yulin 2006, gajeren haɗuwar waya a filin kilobolt 400 ya sa janareta 2 cikin 4 suka kasa ɗaukar layinsu, wasu allunan ɗakin kula suka mutu, sai bayan minti 20 da wani abu aka dawo da su da hannu. Suwidin fa, ba garin da ake ɗaure fiyus da wayar kwano ba.

Me suka yi? Hukumar da ke sa ido kan nukiliya a Amurka ta fitar da takarda ga dukkan tashoshi a 2012 ɗin, hukumar nukiliya ta duniya IAEA ta fitar da rahoto a kan matsalar a 2016. Aka sa rile masu auna rashin daidaito tsakanin fes uku ba wai kawai akwai wuta ko babu ba, wasu suka sa na'urar da ke sa ido a wayar nutural ta taransifoma don ta gane yankewar ko ba lodi, aka haɗa da ƙararrawa a ɗakin kula, aka koya wa ma'aikata abin yi. Ga zagayen filin layuka da ƙafa ana ɗaga kai ana duba kofuna da mahaɗar wayoyi, ga kyamarar da ke nuna inda ya ɗau zafi, ga tayar da janareta duk wata a ɗora masa lodi a rubuta. Wannan duk aikin su wa ne in ba masu hawa falwaya ba?

Yanzu dawo gida. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa, don in ta faɗi kada ta ja kowa ƙasa. Mu da muke rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000, ka ɗora mana mai 1,200, ranar da ta yi tuntuɓe layin ƙasa zai bi ta, ita kuma a daidai lokacin ne take buƙatar layin ya tsaya da ƙafarsa. Kana Gombe a Oktoban 2024 da Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, ko kana Abuja wajen oga, ban sani ba. Ka kawo misalin Zariya, eh akwai tukunya a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, amma mai wajen kilowat 30 ce ta bincike, ba ta buƙatar manyan famfuna, haɗa ta da wannan magana rashin sani ne ko kuma ganganci.

Ni ba maƙiyin nukiliya ba ne, Koeberg ta Afirka ta Kudu tana aiki tun 1984, baƙar fata irinmu na cikin masu tafiyar da ita. Abin da ke ƙona min rai shi ne mun fi son ranar yanke ƙyalle a kan ranar gwajin rile. Tsofaffin da suka iya saita na'urorin kariya sun yi ritaya, wasu sun rasu, yaran da aka ɗauka ba a tura su horo ba, ka rubuta takardar neman kayan gwaji ta kwana a tebur har ka bar aiki, amma in maganar kwangilar biliyoyi ce sai ka ga kowa ya zama masani har da masu riƙe wa oga waya. Wanda ya ce a tsaya a duba kuma shi ne ba ya son ci gaba.

Tunda kana da kunnen manya, ka tambayo min su layuka nawa masu zaman kansu za su shiga tashar, wa zai tsare su daga masu kwance ƙarafan turaku, dizal na kwana nawa za a ajiye kuma wa zai riƙe makullin tankin. In an shirya zaman jin ra'ayin jama'a a kira mu, ba sai an ba ni kuɗin mota ba.

Ka gaida mahaifinka, mun yi makaranta tare.

Naka,
Tsohon mai hawa falwaya, Jekadafari, Gombe