Kafin a sayi jita, a leƙa bakin raminta

Ya Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu shirin sayen jitarsu ta farko, don na gaji da ganin ɗalibaina suna jin kunyar tasu wai don ba katako zalla ba ce.

Jita mara lantarki iri biyu ce. Akwai wadda aka yanko jikinta daga katako zalla, akwai kuma wadda aka yi da falle-fallen katako, galibi uku, aka manna su da gam a gicciye. Ta farkon ta fi amo, ban musa ba. In ka taɓa tsirkiya, fuskarta, wato katakon gaba mai rami, duka take rawa, sautin ya daɗe bai mutu ba. Amma katako zalla yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, shi ya sa masu ƙera ta ke cewa a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari.

Ni na ɗauki wannan magana wasa. Na rataye tawa a bango makonni ana iska mai bushewa, ko soso mai danshi ban saka mata a akwati ba. Wata safiya na ɗauko ta, sai ga tsagewa siririya kamar gashi, daga inda tsirkiyoyi suke ɗaure har zuwa gindi. Ita kuwa tsohuwar mai falle-falle da nake ba yara su yi ta bugu, tana jingine a ɗaki guda, ko gezau.

Abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa shi ne fuskar ce ke yin yawancin aikin. Tun a 1862 Antonio de Torres, maƙerin jita ɗan Sifaniya, ya nuna haka: ya haɗa jita mai fuskar katako, bayanta da gefenta kuwa na kwali, kuma ta yi sauti. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. To me zai hana mai koyo ya nemi mai fuska zalla, baya da gefe na falle-falle? Kunnensa ba zai rasa komai ba tukuna.

Gane ta ba wuya. Kawo ta wurin haske, ka dubi kaurin katakon a bakin ramin tsakiya. In layukan itacen sun gangara daga sama har ƙasa ba yankewa, zalla ce. In ka ga hawa-hawa, manne ce. Wasu kan shafe wurin da fenti, to nan sai ka tambaya, kada sheƙi ya ruɗe ka.

Tawa dai an ɗinke ta da gam da 'yan guntayen katako ta ciki, tana kiɗa, amma yatsana yana jin tabon duk lokacin da na goge ta.

Naka,
Wani mai koyar da jita