Ƙyaftawar tauraro daban, numfashinsa daban

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari.

Na saurari shirinku na kimiyya na makon jiya inda baƙonku ya ce wai ƙyaf-ƙyaf ɗin da taurari ke yi da daddare alama ce suna kumbura suna tsukewa, gaskiya a nan ya haɗa abu biyu wuri ɗaya. Ƙyaftawar nan iskar samanmu ce kawai ke kaɗa hasken kafin ya iso ido. Taurari masu kumbura da tsukewar akwai su kam, amma ba da garaje suke yi ba. Delta Cephei da John Goodricke ya lura da shi tun 1784 kwana 5 da 'yan awanni yake ɗauka kafin ya zagayo, wato ya kumbura ya tsuke sau ɗaya, RR Lyrae kuma wajen awa 13 da rabi.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu shi ne ko sau ɗaya ba a ambaci hasken ultrabayolet ba, wato wani haske da ido ba ya gani, alhali nan abin yake fitowa ɓaro-ɓaro. In tauraron ya gama tsukewa ya fara buɗewa zafinsa na ƙaruwa, kamar garwashin da aka yi wa fifita, to shi ultrabayolet ɗan ƙarin zafi kaɗan ma tashi yake sosai, shi ya sa irin su RR Lyrae a hasken da ido ke gani ƙaruwar haskensu ninki biyu ce ko sama da haka kaɗan, amma a can ƙuryar ultrabayolet sai ka ga ninki goma-goma. Matsalar dai iskar ozon ta tare mafi yawansa (alhamdulillahi, da fatarmu ta ji jiki) dole sai an harba na'urar hangen nesa sama, kamar IUE da ta yi aiki daga 1978 zuwa 1996, da GALEX ta NASA da aka harba a 2003.

GALEX ɗin nan ce a 2007 ta gano cewa tauraro Mira, wanda shi ma ke zagayowa a kwana kusan 332, ashe jela yake ja a baya mai tsawon tafiyar haske ta shekara 13, tauraron da aka shekara ɗari huɗu ana kallo ba wanda ya taɓa ganin jelar.

Don Allah a dawo mana da baƙon ya gyara, ɗalibaina na sakandare sun ji shirin kuma tun ranar suke min musu.

Naku,
mai sauraro daga Zariya