Kakar farko babu Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Baba? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya kyautata namu zuwan. Mu ma nan unguwar Bronx ta birnin New York, Amurka, lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama.

Na san za ki ce ga waya, me ya kawo rubutu. Sau biyu ina ɗauko maganar nan muna waya, da na ji muryata ta fara rawa sai in kauce, in koma tambayar yara. Shi ya sa yau bayan isha'i na ce bari in zauna in rubuta.

Kaka ta yi a nan. Itatuwan bakin titinmu sun rine, wasu ja wasu ruwan ɗorawa, yanzu kuma ganyen duk ya zube. Tun Lahadin farko ta Nuwamba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, tsakaninmu da ku ya koma awa 6, kuma wajen ƙarfe huɗu da rabi ake kiran magariba. Cikin duhu nake dawowa daga aiki. Amma da na turo ƙofa na ji ɗumin gida, na dafa shayi da citta da kanumfari, yara suka shige bargo ɗaya suna aikin makaranta, sai in ji raina ya kwanta. Ba zan ɓoye miki ba, ina son wannan lokacin.

Ranar Alhamis mai zuwa ce bikin da suke kira Thanksgiving, wato ranar godiya. Kullum Alhamis ta huɗu ce a watan Nuwamba. Babu wata ibada da aka ɗora wa kowa a cikinta, hutu ne, dangi su taru a ci abinci. Mai sunan Inna ta dawo daga makaranta da tarihin abin a bakinta: Turawan da suka taso daga Ingila a 1620 suka sauka Plymouth, sanyin farko ya kashe kusan rabinsu, 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Wampanoag, suka koya musu noman masara. Da amfanin gona ya zo gida a 1621 aka yi kwana uku ana walima tare. Sai a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, shugaba Lincoln ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya. Malamarsu ba ta ɓoye musu sauran labarin ba, cewa daga baya ƙasar ta suɓuce wa masu ita, har tun 1970 wasu daga cikin jikokinsu ke taruwa a Plymouth a wannan rana suna makoki. Abin ya tsaya mini a rai. Ashe ba ni kaɗai ba ce zan zauna gaban akushi da rashi a zuciya.

Shiri dai muna ta yi. Talo-talo ne naman bikin, mun riga mun yi oda wajen mai naman halal, mai kilo 6. A daskare yake zuwa, sai ya kwana uku a firij kafin ya saki, shi ya sa ranar Lahadi za a ɗauko shi. Naman ba shi da maiƙo kamar na kazarmu, in ba a kula ba sai ya bushe, don haka zan kwana da shi cikin yaji da tafarnuwa da man shanu. Maƙwabciyata 'yar Kumasi za ta kawo shinkafa da wake, wata baiwar Allah 'yar Maraɗi ta ɗauki nauyin waina, ɗalibai biyu 'yan Kano da ba su da kowa a garin nan su ma mun ce su zo. Yara kuwa ba abin da ya dame su sai faretin babban kantin Macy's da za su kalla a talabijin da safe, mai manyan balan-balan.

To amma Yaya, kabewa ce ta sa ni rubutun nan.

Tun Oktoba duk inda kika juya kabewa ce, a bakin shaguna, a matakalar gidaje, tuli guda. Manyan ma ba ci ake yi ba, fafe su ake a yanka musu ido da baki don ado, kuma ko an dafa salam suke, ruwa ya yi musu yawa. Shekara 9 ina wuce su ban taɓa jin komai ba. Shekaranjiya na shiga shagon wasu 'yan Dominika, na ga irin wadda suke yankawa gunduwa-gunduwa, mai koren baya da jan ciki, sak tamu. Na ɗauka na danna farce a jikinta yadda Inna take yi a kasuwa don ta ji ko ta ƙosa. Wallahi ban san na yi ba sai da na ga hannuna. A nan na tsaya, hawaye na zuba, har mai shagon ya miƙo mini takardar share fuska bai ce komai ba.

Kin tuna kaka a gida? Dammunan dawa jingine a tsakar gida, Baba na ware na zakka kafin a kai rumbu, kabewa jere a ƙarƙashin gadon Inna don kada rana ta taɓa su. Ranar da ta fasa ta farko, taushe ne da tuwon shinkafa, kuma kwanon gidan Goggo da na almajiranta ake fara zubawa kafin namu. Mu yi ta ƙorafin yunwa, ita kuma ta ce amfanin bana sai an fara fitar da rabon mutane. Ku kun samu kun yi mata wanka, kun ga fitar ta. Ni ƙarfe uku na dare wayarki ta tashe ni, kafin gari ya waye mana a nan har an kai ta makwancinta. Na yarda da ƙaddara, kuma gaggauta jana'iza shi ne daidai. Sai dai har yau in Juma'a ta yi, hannuna kan kai ga lambarta.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Saƙon da ta aiko mini na ƙarshe, kuka da kuɓewa duk sun ƙare, amma daddawa saura ƙulli uku. Na ɓoye su can ƙasan firiza cikin ledar da ta ɗaure da hannunta, ko ɗaurin ban kwance ba. Wata biyar ina buɗewa in duba in mayar. Jiya na yanke shawara: ranar Alhamis zan kwance, in sa ɗaya a miyar taushe, in ajiye ta kusa da talo-talon. Na san da tana raye faɗa za ta yi mini, ta ce don a ci ta aiko. Ina so mai sunanta ta ɗanɗana hannun kakarta ko sau ɗaya ne da wayonta.

Ga alayyafo na samu, man ja da tattasai da attaruhu akwai su a shagon 'yan Afirka, gyaɗa zan niƙa da kaina, ƙashin rago kuma mai nama ya yi mini alkawari. Yakuwa ce sai busasshiya. Abin da ya shige mini duhu shi ne, Inna gyaɗar take fara zubawa ta dahu kafin yakuwa, ko tsamin ne yake riga shiga? Kuma kabewar dama ta take yi duka, ko tana barin wasu gutsattsari? Ke kika fi daɗewa a gindin murhunta. Don Allah ki yi mini saƙon murya kafin Laraba, ki faɗa dalla-dalla, kada ki tsallake komai.

Na turo ɗan saƙo ta hannun Kawu. Ki sayi kabewa da shinkafar tuwo, ku ma ku yi taushe ranar Alhamis ɗin, a kai gidan Goggo, a ba almajirai, ladan Allah ya kai mata. Abin da ya rage a saya wa Baba bargo da rigar sanyi tunda hunturu ya matso, a kuma riƙa ɗuma masa ruwan alwala da asuba, don ita ce mai yi masa, kuma kin san ba zai tambaya ba. In kun sauke tukunya da yamma ki kira ni, mu lokacin hantsi ne, tawa tana kan wuta.

Ki gaishe da Baba da kyau, ki ce ya sa mana albarka. Gaisuwa ga Goggo da Auta da duk mutanen gida. Baban yara yana gaishe ku.

Wassalam,
Ƙanwarki