Zuwa Ga Aminina: Bashin Da Muke Bin Rabat Ya Fito

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Shiru ya yi yawa, kuma ka san ba daga wajena ba ne. Tun da ka sauka Ingila sai a hoto muke ganinka, cikin wannan ƙatuwar rigar sanyin, kana murmushi kamar ba kai ne ka rantse duk mako za ka kira ba. Akwai tambayar da Baba Ƙarami ya ce lallai in yi maka game da zuwanka, amma bari in fara sauke abin da ke cina, don tun daren Asabar ban samu wanda zan yi maganar da shi yadda nake so ba.

Ka ga wasan ƙarshe na gasar kofin Afirka ta mata kuwa, wanda Super Falcons ɗinmu na Najeriya suka buga? Ranar 26 ga Yulin nan na 2025, a Rabat, Maroko ta zura mana biyu tun ba a tafi hutun rabin lokaci ba. Dogo ya tashi ya sa takalminsa, wai shi ba zai zauna ya kalli wulaƙanci ba. Sai ga Esther Okoronkwo ta ci fenariti, Folashade Ijamilusi ta farke, Jennifer Echegini ta ƙarasa su saura minti biyu a tashi. 3 da 2, kofin Afirka na 10. Amma wallahi ba ƙwallayen ne suka sa idona ya kawo ruwa ba. Lokacin da aka miƙa wa Rasheedat Ajibade kofin ne, tana kyaftin, kuma ita aka zaɓa gwarzuwar gasar.

Kai ne kaɗai za ka gane dalili, don tare muka kalli na 2022. A wannan garin na Rabat dai, da wannan Marokon dai, a wasan daf da na ƙarshe. An dawo daga hutu ke nan aka ba Halimatu Ayinde jan kati, can wajen minti na 70 aka kori Ajibade. Mutum 9 suka rage mana a fili, gaban 'yan kallo sama da 45,000 da ke ihu ba ƙaƙƙautawa, amma yaran nan suka riƙe 1 da 1 har aka ƙare ƙarin lokaci. Ka tuna ƙwallon Gift Monday da ta daki turke? Har yau ina jin ƙararta. Aka je fenariti suka cinye mu 5 da 4. Daren nan ka ce mini Ajibade ta kashe mu, ba ta cancanci sake sa koriyar riga ba. To ga ta nan da kofi a hannu, sai ka aiko da saƙon ban haƙuri, ni zan san yadda zan isar.

Abin da mutane ba sa lura da shi game da jan kati a irin waɗannan gasa shi ne ba ya ƙarewa a ranar. A lig ɗin kulob, an dakatar da kai wasa ɗaya ko biyu, mako ya zagayo ka dawo. A gasar ƙasashe kuwa duka-duka wasannin rukuni 3 ne, gasar duniya kuma sai bayan shekara 4. Dubi Ayinde da Ajibade: ba su buga wasan neman na uku da Zambiya ta ci mu ba, sannan hukuncin ya bi su har Ostireliya bayan shekara guda, suka zauna suna kallo ranar wasan farko na gasar duniya ta 2023 da Kanada.

Kuma a wannan wasan ne abin da ya fi ci mini rai ya faru. Deborah Abiodun, yarinya 'yar shekara 19, aka sa a tsakiya a gurbin da manya suka bari. Ta yi aiki kamar ba gobe, ta tare nan ta tare can. Chiamaka Nnadozie ta kaɗe fenaritin Christine Sinclair, muna ta murna za a tashi canjaras. Cikin mintunan da aka ƙara, Abiodun ta kai ƙafa neman ƙwallo ta makara, ƙusoshin takalminta suka sauka a ƙaurin Ashley Lawrence. Alƙaliyar wasa ta ɗaga katin gargaɗi, aka kira ta ta je ta duba VAR, wato bidiyon da ke taimaka wa alƙalin wasa, ta dawo ta mai da shi ja. Ban yi musu ba, ƙetar ta kai a kore ta, irinta tana iya karya ƙafa. Amma sai FIFA ta ƙara hukuncin ya zama wasa 3. Ba ta buga 3 da 2 da muka ci Ostireliya mai masaukin baƙi ba, ba ta buga na Ireland ba, ba ta buga na Ingila ba. Gasar duniyarta ta farko ta ƙare a wasa ɗaya.

Yanzu mu zo kan 'yar gidanku. Na san za ka ɓata rai don 'yar Chelsea ce kuma ƙanwar Reece James, amma gaskiya ɗaya ce. Ranar 7 ga Agustan 2023 a Brisbane, a wasanmu da Ingila, minti na 87, Michelle Alozie na kwance rub da ciki, ƙwallo ta wuce, Lauren James ta tashi ta ɗora ƙafa a bayanta ta taka ta wuce. Ba neman ƙwallo, ba zamewa, fushi ne kawai don an hana ta sakat duk wasan. Ita ma sai da VAR ta sa baki aka ba ta ja. Hukuncin FIFA? Wasa 2. Ta tsallake Kolambiya da Ostireliya, ta shigo a wasan ƙarshe da Sifaniya. To don Allah ka gaya mini, da wanda ya yi kuskure yana bin ƙwallo da wanda ya taka mutum da gangan yana kwance, wanne ya fi laifi? Wannan ne ke damuna, ba korar kanta ba. Ina son a riƙa kora in an yi abin kora, don wasan mata ya ƙara gudu da ƙarfi, dole a kare ƙafafuwan 'yan wasa. Amma mudun da aka auna wa Abiodun shi ya kamata a auna wa kowa, ko da wace tuta ce a ƙirjinta. Na yaba da yadda James ta fito ta ba da haƙuri, na kuma fi yabawa da Alozie da ta karɓa ba ta ja maganar ba. Ka san bayan ƙwallo ta yi aikin binciken cutar daji a wani asibitin yara a Texas? Ita ce kuma ta ci wa Najeriya ƙwallon da ta fitar da Afirka ta Kudu a makon da ya wuce.

Af, kafin in manta, matar Dogo ta sauka, an samu mace. Ya ce mai tsaron raga za ta zama, uwar ta ce sai dai in bayan ranta. Shi kuma Malam Babba ya samu canjin wurin aikin da yake ta nema, yana gaishe ka, ya ce littattafansa da ka tafi da su ba kyauta ba ne.

Ina muka tsaya? Yauwa. Kana kusa, na san ka bi gasar Turai ta mata da aka yi a Suwizalan. Wasan Jamus da Faransa a Basel ya sa na sake tunani a kan abin nan. Minti na 13 Kathrin Hendrich, gogaggiyar 'yar baya, ta kama gashin Griedge Mbock ta ja a cikin da'irar gola. Alƙaliya ba ta gani ba, kyamara ta gani. Jan kati, ga fenariti, Faransa ta ci. Kowa ya ce an gama da Jamus. Sai suka farke, suka yi sama da minti 100 da mutum 10, Ann-Katrin Berger ta yi tsalle da baya ta ciro wata ƙwallo daga bakin raga da hannu ɗaya, suka yi nasara a fenariti. Ina kallo ina tuna yaranmu 9 na Rabat. Bambancin kawai su ƙwallo ta yarda da su a ranar. Mu kuma da Ingila ta koma mutum 10 mun samu rabin sa'a na ƙarin lokaci, ba mu iya zura ko ɗaya ba, suka fitar da mu 4 da 2. Wannan ba laifin alƙaliya ba ne, namu ne.

Wadda ta fi ba ni tausayi a duk cikinsu Marta ce. Gasar Olamfik ta Faris a 2024, karo na 6 da ta halarta, tana da shekara 38. Ta ɗaga ƙafa sama ta kai kan Olga Carmona ta Sifaniya, aka ba ta ja kai tsaye. Ta fita tana kuka wiwi, don ta ɗauka shi ke nan, da haka za ta rufe. Abokan wasanta suka cinye Faransa, suka cinye Sifaniyar, suka kai ta wasan ƙarshe da Amurka. An ci su 1 da nema, amma ta samu ta sake taka fili. Abiodun ba ta samu wannan ba a 2023, shi ya sa na matsu gasar duniya ta 2027 ta zo, in ga an sa sunanta cikin masu tafiya Burazil.

Takarda ta ƙare mini. In ka samu rigar Super Falcons ta gaske a can, mai sunan Ajibade, ka sayo wa Ummi, tun ranar Asabar ta hana ni sakat. Ka gaida Hajiya da kyau, ka shafa mini kan yara. Kuma ina jiran amsarka kan maganar Lauren James, kada ka yi mini irin shirun nan naka.

Naka har kullum,
Amininka