Edita, a wayar da kan masu zuwa Chana a kan dim sum

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana min yawo a rai, wato yadda 'yan uwanmu suke zuwa Guangzhou saro kaya ko baje kolin Canton Fair, mutum ya yi sati biyu cur amma bai taɓa shiga gidan cin abincin mutanen garin ba, daga otal sai unguwar Xiaobei da 'yan Afirka ke taruwa sai kasuwa, duk saboda tsoron naman alade. Tsoron nan yana kan hanya, ni ma na yi shi, amma wallahi ana asarar abu mai daɗi.

Ranar da na fara cin dim sum, wato ƙananan kalolin abinci da ake ci da shayi, wani ɗan garin da muke hulɗa da shi ne ya ja ni da sassafe. Su "yum cha" suke ce wa zaman, wato shan shayi, don shayin ne uban tafiya, abincin rakiya ya yo. Muna zama aka kawo butar shayi da wani kwano babu komai a ciki, sai na ga mutumina yana ɗauraye kofi da tsinkayen cin abinci da ruwan zafin yana juyewa a kwanon, ni ma na bi sahu. Can sai ga wata dattijuwa ta turo ɗan keke cike da ƙananan kwanduna na gora, tururi na tashi, ta buɗe murfi ka nuna wanda kake so, ta buga hatimi a katin teburinku, da katin ake lissafin kuɗi in an tashi. Kowane kwando guda uku ne ko huɗu a ciki, a ajiye a tsakiya kowa ya kai hannu.

Abin da ya fi burge ni, ba ka zuba wa kanka shayi kafin ka zuba wa na kusa da kai, shi kuma sai ya ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsa ke nan ko da bakinsa a cike yake. In ruwan buta ya ƙare ba sai ka ɗaga murya ba, ka ɗan zame murfin kawai za a zo a ƙara. Ga tsofaffi nan da jaridunsu sun baje, ba mai koran kowa.

To ga inda gizo ke saƙar. Na miƙa hannu zan ɗau har gow, wanda ake naɗe jatan lande a cikin wani ɓawo shara-shara har kana hango jan abin da ke ciki, a zatona ai wannan kayan ruwa ne ba matsala, sai mutumin ya riƙe min hannu ya ce sau da yawa ana haɗa shi da kitsen alade. Gabana ya faɗi fa. Siu mai (ɗan ƙunshin nama a ɓawon fulawa) da char siu bao (burodin da ake turarawa da nama a ciki) kuwa alade ne babban abin da ke cikinsu, shinkafar nan mai danƙo da ake ƙunshewa a ganye ita ma ana yawan cusa mata, wani girkin har da giya. Ranar shayi na sha na tashi.

Sai da na tsallaka Hong Kong na rama, a kantin cin abinci da ke cikin ginin Masjid Ammar a unguwar Wan Chai, inda ake yin dim sum na halal da kaza da naman sa da jatan lande. Na ci siu mai ɗina hankali kwance, na sauko na yi sallah. A Guangzhou ma akwai gidajen abincin Musulmin Chana, garin da masallacin Huaisheng mai daɗaɗɗen tarihi yake ai ba za a rasa ba, kalmar da ake nema a jikin allo ita ce "qingzhen", halal ke nan da yarensu.

Roƙona Edita, ku ware ko rabin shafi ne ku buga hoton rubutun kalmar nan da haruffan Chana, tare da sunayen kalolin da ya kamata a yi tambaya a kansu, matafiyi ya ɗauka a waya ya riƙa nuna wa mai kawo abinci.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar nan.

Naku, mai karatu a kullum.