A faɗa wa 'yan fansho gaskiyar maganar haraji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana tsofaffin ma'aikata. Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ba a zama a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Ƙofar Kaura ba tare da wani ya ce gwamnati za ta sa wuƙa a kuɗin fansho ba. Ni akawu ne, a kan lissafin albashi na yi furfura, kuma wannan tsoron yana ci mini rai domin ba shi da tushe.

Dokar fansho ta 2014, wadda tsarin adashin gata ke tafiya a kanta, ta fito fili a sashe na 10. Kashi 8 cikin 100 da ake cirewa a albashinka da kashi 10 da wanda kake wa aiki ke zubawa, ba a ɗora musu haraji. Ranar da ka yi ritaya, abin da aka ba ka a dunƙule da wanda ake biyan ka wata-wata, duk haraji bai hau kansu ba. Sabuwar dokar ma ta bar fansho a haka.

Wani maƙwabcina ya zo mini da takardunsa a ƙunshe cikin leda, gefensu duk ya yi ja don tsufa. Yana son ya bar kamfanin da ke kula da asusunsa, amma an ce masa da zarar kuɗin sun motsa za a lissafa su a matsayin sabon samu. Na ce masa, Alhaji, kuɗin da bai shiga hannunka ba ta ina zai zama samu? Tun watan Nuwamban 2020 hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ta buɗe ƙofar sauya kamfani, sau ɗaya a shekara. Daga wancan kamfani zuwa wannan kuɗin ke tafiya, lambar asusunka tana nan yadda take, ko kwabo ba ya biyowa ta aljihunka.

Inda ake tuntuɓe shi ne kuɗin ganin dama da mutum ke ƙarawa da kansa. Idan ka cire kafin shekara 5 da zubawa, za a yanki haraji a kan ribar da suka haifar. Sai kuma wanda ke da shagunan haya ko yake ɗan kasuwancinsa bayan ritaya. Wannan samu ne, kuma fansho ba ya yi masa rumfa. Idan za ka cike fom ɗin haraji na shekara, wanda wa'adinsa 31 ga Maris ne, rubuta kowanne a gurbinsa, kada ka cakuɗa fansho da kuɗin haya. Ka nemi takardar bayanin asusunka daga kamfanin ka adana, domin alat ɗin waya yana gogewa.

Roƙona ga masu tara harajin jiha da kamfanonin fansho shi ne su shiga rediyo su yi wannan bayani da Hausa, su buɗe layi a yi musu tambaya. Akwai matan da aka bar wa marayu a Daura da Mani da Dutsin-Ma waɗanda haƙƙin mazajensu ke cikin waɗannan asusun, kuma yawancinsu ta rediyo suke samun labari.

Wassalam.

Tsohon akawu,
Ƙofar Kaura, Katsina